Sojan da Ba a Kiran Sunansa

A rumfar Lukuman mai cajin waya, bakin kasuwar Gwandu, ba a rasa abin musu. A watan da aka fara yankan gero, na sojoji ake yi: wace ƙasa ce sojojinta na musamman suka fi taurin rai.

Malam Adamu yakan zo rumfar duk ranar kasuwa daga rugarsu ta wajen Malisa. Ba ya sa baki. Sai ya miƙa wa Lukuman 'yar wayarsa, ko da cajinta bai ƙare ba, ya nemi ƙarshen benci, ya jingine sandarsa, ya zauna. Mutane sun ɗauka musun yake jin daɗi. Lukuman kaɗai ya san abin da ke kawo shi.

Malam Adamu yana da ɗa soja, Abdulgani, kuma shi ne ɗansa na fari. A gidansu, kamar yadda ya tarar iyayensa na yi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya tambayar lafiyarsa, ba ya nuna a gaban mutane cewa ya damu da shi. Kunya ce. Shekara ashirin da bakwai ke nan sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba, haka ma uwar yaron, Rahmatu. Ƙanen Malam Adamu, Abdulrahman, ne ya riƙe yaron, shi ya sa shi makaranta, shi ya raka shi tasha ranar da zai tafi aikin soja, kuma shi yakan kawo labarinsa gida. Da Abdulrahman ya rasu a tsakiyar damina, sai Abdulgani ya koma kiran Lukuman. Shi kuwa Lukuman yakan jira sai Malam Adamu ya zauna, sannan ya ɗaga murya kamar da jama'a yake: “Sojanmu ya kira, yana gaida kowa.” Malam Adamu yakan duba wani waje.

A kira na ƙarshe Abdulgani ya ce an zaɓe shi cikin runduna ta musamman, masu shiga daji. Wannan Lukuman bai faɗa da ƙarfi ba. Ya faɗa ne yana kwance igiyoyin caja, a lokacin da babu kowa a bencin sai dattijon. Tun daga nan kasuwa uku ta ci, waya ba ta shigo ba.

“Ku bar zancen Amurka,” in ji Umar Faruk direba, yana karkaɗa makullin mota. “Kayan aiki ne da su. Ka karɓe wa sojansu tabaran nan nasa na ganin dare, ka kori jirgin da ke bisa kansa, ka aje shi fadamar Ceberu da damina. Sauro kaɗai ya ishe shi.”

“Ka ji maganar wanda iyakar yawonsa Jega,” in ji Malam Sirajuddeen, tsohon malamin firamare. “Na Ingila fa? Na ji an ce cikin ɗari da ke shiga horonsu, da ƙyar goma ke fita.”

“Sauran mutuwa suke yi?”

“Faɗuwa suke yi a jarrabawa, Umaru. Kamar yadda ka yi a hannuna.”

Aka fashe da dariya. Abdulbaƙi mahauci ya matso da wayarsa yana nuna bidiyo: wasu ƙarti ba riga a cikin ƙanƙara, ana fasa musu bulo a ka. “Na Rasha ke nan. Ku duba, ko ƙiftawa ba ya yi!”

“Dole ka so su,” in ji Umar Faruk. “Kai ma da za a fasa maka bulo a kan nan, bulon za a tausaya wa. Ni dai na Chadi. Rawani, mota buɗaɗɗiya, ana harbi suna tsaye. Wanga ba a koya shi a makaranta, da shi ake haihuwar mutum.”

“To namu fa?” wani ya tambaya daga baya.

Umar Faruk ya buga cinya. “Kun tuna mini! Jiya na ɗauki wani daga tashar Birnin Kebbi, shata har ƙofar gidansu a Kalgo. Ƙafa a naɗe, da sanduna biyu. Na musamman ne, waɗanda ke shiga daji su yi wata ba a jin ɗuriyarsu. Ya ce su arba'in suka shiga. A bakin wani rafi aka yi musu kwanton ɓauna, tun hantsi ake ɓarin wuta har rana ta karkata.”

“Nawa suka fito?”

“Bai faɗa ba. Ya ce dai ba duka ba. Kuma akwai 'yan Kabi da dama a cikinsu. To ka gaya mini, Malam Siraju, na Ingilanka zai yi wuni guda ba ruwa...”

Lukuman ya ture wata waya ta faɗi ƙasa. “Umaru, taka ta cika tun ɗazu, karɓi.”

Amma musun ya riga ya kama sabon wuta. Malam Sirajuddeen ya ce arba'in ba adadi ba ne, Abdulbaƙi ya ce da na Rasha ne da goma sun isa. Babu wanda ya dubi ƙarshen bencin. A iya saninsu Abdulgani yana can wani bariki a kudu yana gadin ƙofa.

Malam Adamu ya kama sandarsa da hannu biyu. Tambaya ɗaya ce a bakinsa, kuma ba ta da hanyar fita.

“A wace unguwa ka sauke shi?” Lukuman ya tambaya da ƙarfi, yana goge wayar da ta faɗi.

“Bayan babban masallaci, gida mai bishiyar dogon yaro biyu a ƙofa. Muzzammil sunansa. Mi ya faru?”

“Ba komai. Jin daɗin labari.”

Da Malam Adamu ya tashi karɓar wayarsa, Lukuman ya riƙe ta ɗan lokaci bai sake ba. Ya rage murya. “Malam, an ce kanwa mai kyau ta sauka a Kalgo. Ko in rufe rumfa gobe in je in dubo maka?”

Dattijon ya dubi wayarsa a hannun Lukuman. Da ya ce to, da komai ya tafi bisa al'ada: wani ya je, wani ya ji, wani ya kawo. Amma ya tuna yadda aka kawo wa maƙwabcinsa labarin ɗansa shekarun baya, aka yi ta rage shi a hanya, wannan ya sassauta, wancan ya ɓoye, har mutumin ya kwana uku yana murnar abin da babu.

“Shanuna ne,” ya ce. “Ni zan zaɓa musu.”

Ya isa gida kafin magariba, hannu ba komai. Rahmatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa.

“Ba a samu manjan ba, Malam?”

“Na manta. Gobe zan je Kalgo. Kanwa.”

A gindin rumbu akwai buhun kanwa da bai kai rabi da ƙarewa ba. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a gefen faifai ba ta lura ba.

Da asuba, yana dawowa daga masallaci, ya ji ƙarar turmi. Da zai fita ta tare shi a bakin ƙofa da kwalba cike da yaji, irin mai citta da yawa, wanda mutum ɗaya ne kawai a gidan yake iya ci. Ta naɗe ta a tsumma.

“Ko za ka haɗu da mai so,” ta ce, idonta a ƙasa.

Ya sa kwalbar a aljihun babbar riga. Duk tafiyar tana bugun cinyarsa.

A motar Birnin Kebbi ya samu kujerar taga. Gero a tsaye hagu da dama, wasu gonakin an kwantar, ana ɗaurin dami. A wani shinge sojoji suka tsayar da su. Wani dogo ya leƙo, hular ƙarfe ta rufe masa goshi, ya ce, “Sannu, Baba.” Malam Adamu ya bi shi da kallo har motar ta sha kwana. Ya fara lissafi a zuci: arba'in, ba duka ba. Idan biyu ne, da sauƙi. Idan goma ne, ɗaya cikin huɗu ke nan. Ya daina, ya koma tasbihi, sai ya tarar yatsunsa arba'in suke ƙirgawa.

Daga Birnin Kebbi ya shiga wata motar zuwa Kalgo, ɗan kabu-kabu ya kai shi gida mai dogon yaro biyu.

Zauren cike yake da 'yan dubiya. Muzzammil yana kishingiɗe a katifa jikin bango, ƙafar dama a miƙe bisa matashi. Ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba. Fuskarsa ta rame, idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Mahaifinsa, Malam Ubaidullahi, ya karɓi baƙon da fara'a, ya ba shi gefen tabarma, ya ɗauka wani ne daga dangin uwar yaron. Malam Adamu ya yi gaisuwa, ya yi addu'ar samun sauƙi, ya zauna.

A nan ma musun ne. Abokan Muzzammil sun kewaye shi.

“Kai da ka gani da idonka, raba mana gardama. Ku da na Chadi wa ya fi?”

“An ce ku maciji kuke ci ɗanye!”

“Wai da gaske harsashi ba ya kama kwamandanku?”

Muzzammil yana murmushin da bai kai ido ba. “Ku dai ku yi mana addu'a,” yake ta cewa. Can wani yaro a waje ya buga ƙyauren langa-langa da ƙarfi. Muzzammil ya zabura, hannunsa ya kai gefen katifa yana laluben abin da babu. Sai wani ya yi dariya, saura suka bi.

Malam Adamu ya ga wannan hannun.

Aka yi azahar. Aka kawo shinkafa da miyar kifi, ya taɓa loma biyu don kada a ce ya raina. Wasu suka tafi, wasu suka shigo. Sau uku ya buɗe baki, sau uku wani ya yi sallama. Aka kira la'asar. Da aka dawo daga masallaci zauren ya rage daga shi sai mara lafiyar da mahaifinsa.

“Baba,” in ji Muzzammil, “tun hantsi kake zaune, ba ka tambaye ni ko na ci maciji ba. Daga ina?”

“Gwandu. Wajen Malisa.”

Murmushin ya ɓace daga fuskar sojan. Ya gyara zama da ƙyar. “Wa kake nema?”

“Akwai wani yaro na wajenmu. An ce yana cikinku.”

“Sunansa?”

Malam Adamu ya dubi tabarma. “Dogo ne. Fari, siriri. Ba shi da yawan magana.”

“Baba, mutum uku ne 'yan wajen Gwandu a cikinmu, biyu dogaye ne, farare. Ɗaya daga cikin dogayen...” Ya tsaya. “Ɗaya bai fito ba.”

Zauren ya yi wa Malam Adamu nisa, kamar yana kallonsa daga ƙasan rijiya. Ya ji kwalbar yajin a cinyarsa, nauyinta ya ƙaru.

“Yana da tabo,” ya ce. “A gira. Saniya ta taɓa...”

“Hula muke sawa har goshi, fuska kuma duk baƙi muke shafawa. Ban san girar kowa ba.” Muzzammil ya girgiza kai. “Ka yi haƙuri. A asibiti wata mata ta zo mini da irin wannan kwatancen, na ce mata ɗanta lafiya lau. Ashe ba shi ba ne. Na rantse ba zan ƙara ba. Sai da suna.”

Malam Ubaidullahi, wanda ya daɗe yana kallon baƙon, ya gane. Ya sunkuyo. “Malam, na fari ne?”

Malam Adamu ya mayar da idonsa kan tabarma. Wannan ya isa amsa.

“Allah sarki. To ba ka da wani da za a kira ya faɗa? Ko takarda?”

Akwai. Lambar Lukuman tana cikin wayar. Ya ciro ta, ya danna. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake, wata murya ta ce ba a samun lambar. Ya zauna da wayar a tafin hannu. Zai iya jira. Zai iya komawa gida ya turo Lukuman gobe, ya sake kwana ɗaya shi da Rahmatu a tsakar gida ɗaya, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, da dogaye biyu a tsakaninsu, ɗaya a raye, ɗaya a ƙasa.

Malam Ubaidullahi ya miƙe. “Bari in duba awakin nan,” ya ce, ya shige cikin gida, ya ja labule.

Malam Adamu ya juya fuskarsa ga bango. Ya motsa leɓe, ba abin da ya fito. Harshensa bai san hanyar ba. A zuci ya sha faɗarsa, a sujada, a bayan shanu, amma bai taɓa jin yadda yake a muryarsa ba.

“Abdul...” Ya yi tari. “Abdulgani. Abdulgani Adamu.”

Muzzammil ya rufe ido. Malam Adamu ya ji kaza tana tono a waje, ya ji wani mai kabu-kabu ya wuce.

“Shi ya ɗauko ni,” in ji sojan. “Daga bakin rafin har inda mota take. A kafaɗa. Ina ta ce masa ya aje ni, yana ce mini in rufe masa baki, na fi buhun gero nauyi.”

“Yana...”

“Kwana biyar da suka wuce, da aka sa ni a mota, yana tsaye da ƙafafunsa. Ko ƙwarzane babu. Iyakar abin da na sani ke nan, Baba, ba zan ƙara maka ko kalma ba. Sun koma ciki. Wayoyinmu kuwa tun ranar da za mu shiga aka karɓe.”

Malam Adamu ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Ya daɗe a haka. Muzzammil ya kau da kai, ya bar shi.

“Sun koma,” dattijon ya maimaita daga baya.

“Sun koma.”

“Wurin rafin?”

“Gaba da shi.”

Can Muzzammil ya ce, “Waɗannan abokan nawa, tun jiya suke tambayata wa ya fi wa. Na taɓa aiki da na Chadi a bakin iyaka. Jarumai ne, ba ƙarya. Amma na ga wani ƙato a cikinsu, da aka harbe shi a ciki, uwarsa yake kira. Turawan da suka zo ba mu horo, ɗaya kullum da hoton 'yarsa a cikin hula. Ranar rafin nan, ni da kake gani, ban san lokacin da na jiƙa wandona ba. Wannan ba zan faɗa musu ba, ba shi suke son ji ba.” Ya ɗan yi dariya. “Abdulgani ma tsoro yake ji. In ya tsorata sai ya kama kiran sunayen shanunku a hankali, ɗaya bayan ɗaya.”

Malam Adamu ya ɗago.

“Ya taɓa ba mu labarinka. Ana rubuta wanda za a sanar in wani abu ya faru, ya ba da lambar wani mai caji. Muka yi ta yi masa tsiya, muka ce ba ka da uba ne? Ya ce yana da shi. Ya ce, babana ba zai tambaya ba, amma duk inda ake maganata za ku same shi zaune a ƙarshen benci.”

Dattijon ya laluba aljihu ya ciro kwalbar. Ya ajiye ta a gefen katifa, ya tura ta da yatsa.

“Akwai mai komawa can?”

“Jibi wani zai zo duba ni, direban motar abincinsu ne. In Allah ya yarda za ta kai.” Muzzammil ya kwance tsumman, ya buɗe, ya shinshina, ya yi atishawa har sau biyu. “Lalle nasa ne. In ce daga wa?”

“Ka ce daga gida.”

Ana kiran isha ya iso ruga. Rahmatu tana zaune a bakin murhu, wutar ta kusa mutuwa, tuwon yana rufe ba a taɓa ba. Ba ta tashi ba. Ta dubi hannunsa: babu kanwa. Ta dubi aljihunsa: ya lafe.

Ya jingine sanda, ya cire takalmi, ya zauna a kan buzu.

“Yajin ya samu mai kai shi,” ya ce.

Ta saki numfashi a hankali. Ta ɗauki itace ta tura cikin murhu, ta kasa daidaita shi.

“Mai shi zai ci?”

“Kwana biyar da suka wuce dai yana ci. Sun koma ciki. Ba a san ranar fitowa ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta kawo masa ruwa, ta koma wurinta. Daga garke wata saniya ta yi kuka, su biyun suka juya a tare, sannan kowa ya mayar da idonsa ga wuta.

“Malam,” ta ce, ba ta dube shi ba. “Su arba'in, an ce. Matar Lukuman ta aiko ɗazu. Da me ka tambaya har aka gane shi?”

Ya ajiye kwanon ruwan.

“Da suna.”

Rahmatu ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta ce bai yi ba. Sai can, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Yaya yake a baki?”

Malam Adamu ya dubi ƙofar gida, babu kowa. Ya matso kusa da murhun, ya faɗa mata.